Kwalabe Biyu Daga Dakar

Ko yashin da ke bayana ban kakkaɓe ba, sai ga wasu mutum biyu masu shuɗɗan riguna marasa hannu sun tsaya a gabana. Ɗaya ya riƙe mini hannu, ɗaya ya miƙo takarda. Filin kokawar ya cika maƙil, amma shiru ya yi yawa a cikinsa, don ɗan gida ne ya faɗi, kuma baƙo ne daga wani ƙauye a bayan Kiyeshe ya kayar da shi a tsakiyar Dakar. Na ɗauka kyauta za a kai ni in karɓa, har na gyara tsayuwa ina murmushi. Gado, mai horar da mu, ya matso ya ce mini awon ƙwaya ne, in bi su, kada in yi gardama. Haka aka ratsa da ni ta cikin mutane, hannuna a hannun wani, wayoyi a sama suna ɗauka.

Sunana Tanko, kuma duk wanda ya ji sunan ya san mata ne suka riga ni zuwa duniya. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, saboda haka Inna ce ta yi mini uwa, ta yi mini uba, ta kuma zama mai tsaron jikina tun ran da na fara ɗaura walki. Inna tana salla, tana azumi, amma ƴar ƙasar Arawa ce ta asali. A wurinta ɗan kokawa ba ya barin abin jikinsa inda wani zai ɗauka. In an yi mini aski ita ke tattara gashin. In na yanke farce sai ta ga inda na sa shi. Fitsari kuwa shi ne babba: a tsuguna nesa da hanya, in an gama a tura ƙasa da ƙafa a rufe, don a cewarta wanda ya samu jiƙaƙƙiyar ƙasarka ya samu ƙafafunka. Da na girma ina yi mata dariya, abokaina masu wa'azi a kasuwar Dutsi suna ce mini camfi ne. Na yarda camfi ne. Amma har na kai Dakar ban taɓa tashi daga tsugune ban rufe ba.

Ɗakin da aka kai ni ƙarami ne, a ƙarƙashin wurin zaman ƴan kallo, kana jin ƙafafun mutane bisa kanka suna fita. Wani dattijo siriri mai furfura a gemu ya gaishe ni da Faransanci, ya ce sunansa Usman. Faransancina na wanda ya gudu daga lakwal, makarantar boko, ne tun da wuri, yana isa sayen abinci da faɗa da karen mota, ba ya wuce nan. Mushe Usman, wato Malam Usman a Faransance, ya yi ta bayani da baki da hannu har na gane. Zan yi fitsari a kofi, shi kuma zai tsaya yana kallo, riga a sama, wando a ƙasa.

Na ce ya juya baya. Ya ce doka ba ta yarda ba. Na ce to ya fita, na rantse ba zan zuba ruwan famfo ba. Ya ce in ya fita za a rubuta na ƙi, wanda ya ƙi kuwa daidai yake da wanda ya sha. Ni da na ɗaga ƙato na maka da ƙasa ɗazu, sai ga ni tsaye gaban sa'an mahaifina, gumi na zuba, ko ɗigo ya ƙi fitowa. Na sha ruwa, na zauna, na tashi. Can ya lura da abin da ke damuna, ya tambaye ni ko a garinmu tsugunawa ake yi. Na ce e. Ya ce to in tsuguna. Shi ma ya tsuguna a gabana, ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba, ya kama yi mini hirar ciwon gwiwarsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ban kuma manta masa wannan tsugunon ba.

Ya sa ni da hannuna na raba abin a kwalabe biyu, ɗaya mai jan tambari, ɗaya mai shuɗi, na murɗa murafensu har suka daina ƙara. Ya ce daga yanzu ba hannun da zai iya buɗe su sai injin labo, can Turai, inda ake awon. Ta farko za a auna, ta biyu a ajiye saboda gardama. Kafin ya rufe akwatin na ce masa, "Mushe, ban sha komai ba." Ya ɗaga mini hannu, ya ce ba sai na faɗa ba, kwalba za ta faɗa.

Ina miƙewa ƙafata ta yi abin da ta saba, ta shari siminti, babu ƙasar turawa. A nan na sha jinin jikina. Na ga ƴan kokawar ƙasar da idona, kowa da jerin gorunan rubutu da jiƙo yana kwarara wa kansa kafin a kama. Mutanen da suka san darajar abin da ke cikin kwalba ke nan, kuma a hannunsu na bar nawa.

Washegari muna masauki yayata Dije ta kira. Na ɗauka barka za ta yi mini.

"Tanko, mi kay yi can? An turo bidiyo, an riƙe ka kama ɓarawo. Wani ya aza murya bisa, yana cewa an kama ka da tramol."

"Awo na, Dije. Hat wanda nik kada an auna shi."

"To ƙaƙa ba mu ga an riƙe shi ba? Kai ɗai munka gani."

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Tramol ita ce ƙwayar da samari ke haɗiya don kada su ji gajiya, har wata rana a tsince su a bakin tasha suna kumfa. In an ce maka ɗan tramol, an ce ƙarfinka na aro ne. Duk kayen da na yi tun daga dandalin ƙauye har Doso, an kwashe an ba ƙwaya. Har makaɗin da ke buga takena tun ina saurayi sai ya zama ya shekara yana wasa ƙwaya bai sani ba.

Gado ya kira manyanmu na kokawa a gida. Suka ce su ba su zargi kowa ba, amma tunda magana ta yaɗu, ba za a sa sunana cikin ƴan wasan jiha ba sai rezilta, wato sakamakon awon, ta fito. Mai shirya wasan, wani mai ƙiba da kowa ke kira Patron, ya dafa kafaɗata ya ce kwana kaɗan ne, rezilta da kyauta tare za su zo. Gado yana da aiki da iyali, jirgi kuma ba ya jiran kowa. Ya ce, "In za ka ji tawa, ka zamna ka amso takarda. In ba ita ba, bakin mutane ba ya ruhuwa." Ba wanda ya tilasta ni. Ni ma ban ga da wace fuska zan sauka a tashar Dutsi hannu sake ba. Na raka su har bakin mota, na dawo ɗakin da muka kwana mu biyar na tarar da katifu huɗu a jingine.

A ranar Dije ta kai wa Inna waya. Inna ba ta iya riƙe waya ba, tana magana kamar tana kiran mutum daga wata gona.

"Tanko, gaskiya na ka ba su bawalinka cikin kwalba?"

"Doka ta, Inna."

Ta ce, "Kak ka baro shi can. Ka amso abinka."

Na yi dariya, na ce mata Turai za a kai shi, takarda nake jira. Ta ce ko ina za a kai shi nawa ne. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Daga nan na shiga jeka-ka-dawo. Ofishin Patron yana hawa na biyu a wani bene kusa da babbar kasuwa, da wata sakatariya mai dogayen farce wadda ta iya cewa gobe fiye da duk wanda na taɓa gani. Yau Patron ya yi tafiya. Gobe Patron yana taro. Jibi labo ya rufe don hutun Turawa. Ran da na ci sa'a na tare shi a matakala, ya rungume ni, ya kira ni zaki, ya nuna wa abokansa ni, ya shige mota. Ba a daɗe ba mai masauki ya ce an daina biya mini ɗaki. Ya faɗa da ladabi, har ya taya ni ɗaukar jaka zuwa bakin ƙofa.

Ban san kowa ba, ban san harshen garin ba. Mutanen kirki ne, suna da gaisuwa, in ka wuce suna cin shinkafa da kifi sai sun kira ka. Amma in na zauna na ci, hira ta wuce ta bisa kaina, su yi dariya, ni ma in yi, ban san ta mene ne ba. Na kan tafi bakin teku in zauna kan duwatsu. Kafin wannan tafiya ruwan da na sani mafi girma shi ne tafkin damina. Na yi zaton teku za ta ɗebe mini kewa, sai na tarar ita ma ba ta jin Hausa, kuma ba ta yin shiru ta bar mutum ya yi tunani. Abin da nake so in gani shi ne jan dutsen garinmu da gawo a tsakiyar gona, da jaki ɗaure a gindinsa. Na yi kewar jaki, ni Tanko.

Hanci ne ya cece ni. Wata la'asar ina tafe a wata unguwa da ban san sunanta ba, na ji ƙamshin yajin ƙuli. Na bi shi har wata rumfa mai hayaƙi, na ji wani yana zagin wuƙarsa da Hausa. Na tsaya kawai ina saurare. Ban taɓa jin zagi mai daɗi haka ba. Mai rumfar, Baba Illa, mutumin Adar ne, ya tsufa a Dakar yana gasa nama. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai na Ba'aren da yak kada mutumensu? Wallahi ranan nan ban saida nama ba, don tsoro." Ya ba ni kujera, ya ba ni tsire, ya tambaye ni ko an yi ruwa a gida. Ina tauna hawaye na zuba, na ce masa yajin ne ya yi yawa. Ya ce haka ne, duk wanda ya zo daga gida yajin yana yi masa yawa ran farko.

Na zauna wurinsa. Ina sara ƙashi, ina ɗauko itace, ina kwana a bayan rumfa kan buhunan gawayi. Ya riƙe ni kamar ɗa, yana tsokanata da cewa Arawa ba su iya komai ba sai kokawa da bori, ni kuma ina ce masa Adarawa ba su san hanyar komawa gida ba. Amma ko shi, in maganar ta taso, abin da yake cewa shi ne, "Rezilta dai ta hito, sai mu yi shagali." Wata rana na ce masa, "Baba, ban sha ba hwa." Ya ce, "Bari, ɗana, ba ni aka hwaɗa ma ba. Su masu inji su ka sani." Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Sai dai na lura kowa haka yake yi mini, Gado, Dije, manyanmu na gida. Ba wanda ya ce na sha, ba wanda ya tambaye ni. Kowa ya jingina da kwalba, ni da bakina na zama ɗan rakiya.

A cikin masu zuwa cin nama akwai wani mai kwat da jakar hannu, ya ji labarina. Ya ja ni gefe ya ce ya san wanda zai yi mini takardar labo, da tambari da sa hannu, wadda ko likita ba zai gane ba. Ya ce ba ni ne na farko ba, ya kuma nuna mini wata a wayarsa, ta yi kyau ƙwarai. Na kwana biyu ina juya maganar, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni ba tsoron Allah ne kaɗai ba, har da taurin kai. Ina da gaskiya ta kyauta, a ce sai na saye ta a hannun maƙaryaci? Na ce masa ya bar ta. Ya yi dariya ya ce zan neme shi.

Ruwan farko ya same ni ina hura wuta. Ƙamshin ƙasa ya taso ta tsakanin kwalta da kwata, na ajiye mafici na fita na tsaya a ciki. Na san a gida an fita da sungumi, mata na biye suna jefa iri suna takewa. Dije ta ce mazan yayyena sun taru sun shuka mana gona. Ta ce Inna ta daina zuwa kasuwar Kiyeshe, wai ƙafa ke damunta. Ƙafar Inna lafiyarta lau, na sani, bakin mata ne take gudu. Wannan ne ya tashe ni. Na daina zuwa wurin mai farce, na koma filin kokawa na yi ta tambayar masu gadi ina zan ga dattijon nan mai ciwon gwiwa, har wani ya kwatanta mini wani ƙaramin asibiti a bayan gari inda yake aiki.

Mushe Usman na ganina ya gane ni. Ya gama ɗaure wa wata mata hannu, ya wanke nasa, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce in biyo shi. Muka shiga wani ɗaki a baya inda ake ajiye tsintsiya da kujerun da suka karye. A kusurwa akwai tsohon firigo, wato firiji. Ya buɗe. Ga kwalabe nan jere, ja da shuɗi, ja da shuɗi, na duk wanda aka auna a ranar. Ko bakin gari ba su fita ba, balle Turai.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar yadda ya yi ran farko, a hankali. Ya ce labon da duniya ta yarda da awonsa ba su da yawa, kuma suna nesa. Sai an sa kwalabe a akwatin sanyi, an biya jirgi, an biya awon kowace ɗaya, kuɗi ne masu nauyi. Masu ɗaukar nauyin wasan sun ce ba za su sa sunansu ba sai akwai awon ƙwaya, shi ya sa Patron ya sayi kwalabe da shuɗɗan riguna. Su ake gani a talabijin. Labo ba a ganinsa, saboda haka aka bar shi sai in kuɗi sun ragu, kuɗi kuwa ba su ragu ba. Ya ce shi kansa ba a biya shi aikin ranar ba. Ya kai ƙara inda ya dace, an ce ana dubawa.

Na ce to ni zan nema, zan yi dako, zan sara ƙashi har in biya tawa. Ya girgiza kai. Ya ce an sha ɗauke wuta tun bazara, firigon ya yi sanyi ya huce ba adadi. Fitsarin da ya sha zafi yana canzawa. Labon kirki ba zai karɓa ba, in ma ya karɓa ba a san abin da zai nuna ba: yana iya wanke wanda ya sha, yana iya shafa wa wanda bai sha ba. Ya nuna jerin da hannu ya ce a cikin nan wataƙila akwai mai laifi, akwai marar laifi, yanzu duk sun zama ɗaya. An ce masa ƙarshen wata ya zubar.

Ban yi faɗa ba. Na so in yi, amma ba wanda zan kama. Na zauna ina kallon firigon yana kuka kamar tsohon babur. Duk watannin nan ina tunanin wasu Turawa masu fararen riguna suna can suna duba gaskiyata, ashe tana nan kusa da tsintsiya. Can na ji bakina ya ce, "A ba ni nawa." Ya dube ni. Ya ce doka ba ta yarda ba, sai kuma ya yi wata dariya marar daɗi, ya ce wace dokar ma. Ya duba lambar da ke jikin ƴar takardar da aka ba ni ran awo, ya zaro biyu, ya naɗe su a tsohuwar jarida. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa. Na ce masa shi kaɗai ne ya tsuguna.

Tikitin jirgina ya daɗe da mutuwa. Baba Illa da abokan sana'arsa suka haɗa mini na mota, ya cika mini leda da kilishi, ya ce in na isa in gaida ƙasa. Bai rako ni tasha ba, ya ce ba ya son ganin motar da ta nufi gabas.

Na sa kwalaben a tsakiyar walkina cikin jaka, jakar kuma bisa cinyata. A Kayes zafi ya kai inda ko ƙuda ba ya tashi. Jandarma suka sauke mu, aka zazzage kaya. Wani matashi a cikinsu ya zaro ta jan tambari, ya ɗaga ta a rana, ya gwada murɗawa ta ƙi. Ya tambaye ni mene ne. Na faɗa masa gaskiya. Ya kira abokinsa, abokin ya kira babbansu, suka tsaya su uku suna kallona. Babban ya ce ya shekara da shekaru a kan hanyar nan, ya ga mai fasa-ƙwaurin zinariya, ya ga na aku, bai taɓa ganin mai kai fitsari gida ba. Duk motar ta kwashe da dariya, har da ni. Daga nan har Bamako matar da ke kusa da ni ta matsa gefe ta toshe hanci da gyale, alhali ba abin da ke fita.

Bayan Bamako hanya ba lafiya. Muka yi ta jiran ayari, sai motoci sun taru sojoji sun raka mu. A irin wannan jira mutum yana da lokacin yaudarar kansa. Na riƙa cewa murafen nan ba a taɓa su ba, lamba na nan, ai shaida ce. A Yamai akwai manya, akwai likitoci, wani zai san yadda za a yi. Ina taɓa jakar ina jin su suna ƙwanƙwasar juna, sai in ji kamar ba ni kaɗai nake tafiya ba. Abin dariya ne, amma su ne abokan tafiyata.

A Yamai na je ofishin manyanmu kafin in wanke ƙafa. Wanda na tarar mutumin kirki ne, ya ba ni ruwan sanyi, ya saurare ni har ƙarshe. Da na ajiye kwalaben a teburinsa sai ya ja kujera baya. Ya ce a nan ba mu da labon da ke wannan awo. Ya ce kuma tunda sun kwana a jakata, ko da sanyinsu suka zo ba su da sauran amfani, don mai kaya ba ya ɗauko shaidarsa da kansa. Na ce to a sake auna ni yanzu, ga ni. Ya ce na yanzu ba ya faɗin abin da ya faru a Dakar, kuma ba a ware kuɗin awo ba bana. Na tambaye shi sunana fa. Ya ce ba a same ni da laifi ba. Na ce to a faɗa a rediyo. Ya ce ai ba a wanke ni ba kuma, me za su faɗa? Ya raka ni har bakin ƙofa yana ba ni haƙuri.

Na sauka a Dutsi hatsi ya fara kai. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni zuwa ƙauye ya gane ni, ya yi mini sannu da zuwa, ya yi ta satar kallon idanuna ta madubi. A bakin gari samarin da ke shan shayi suka amsa sallamata da kyau, suka bar hirarsu har na wuce.

Inna tana tsakar gida tana sussuka. Ta rame. Ba ta yi guɗa ba, ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne. Ta ba ni fura a ƙwaryata ta dā, ta tsaya har na shanye. Sannan ta ce, "Ka zo da shi?"

Na buɗe jaka na warware walki. Na ce, "Ga shi, Inna. Amma takarda babu. Ba a auna ba, ba a kuwa aunawa har abada."

Ba ta tambayi dalili ba. Ta ɗauki kwalaben da gefen zanenta, ta ce in ɗauko kalme, fartanyar haƙa. Muka zaga bayan rumbu, inda take binne gashina tun ina yaro. Na haƙa rami. Ta gwada murɗa murfin, na ce mata ba ya buɗuwa sai da injin Turawa. Ta ce to, ta koma ta ɗauko taɓarya.

Na san ba su da amfani, mutum biyu masu ilimi sun gaya mini. Amma muddin suna rufe, ina iya nuna wa mutum in ce ga shi, ba a buɗe ba, ba a samu komai ba. Na riƙe taɓaryar na ce, "Inna, dakata. In kin hwasa su, mi za ni gwada ma mutane?"

Ta saki taɓaryar a hannuna. Ta ɗaga kai ta dube ni, irin kallon da take yi mini in na dawo daga kiwo akuya ɗaya ba ta cika ba.

"Tanko, ka sha ko ba ka sha ba?"

Tun daga ɗakin nan na ƙarƙashin fili, har teku, har rumfar Baba Illa, har Yamai, ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na buɗe baki murya ta ƙi fita, kamar yadda wancan abin ya ƙi fita a gaban Mushe Usman. Ita ma ta jira.

"Ban sha ba, Inna."

"To," in ji ta.

Ta karɓi taɓaryar, ta sa kwalaben a ramin, ta daka sau biyu. Ƙasa ta shanye. Ta matsa gefe ta bar mini wuri, na tura ƙasa da ƙafa na rufe.

Har yau sunana bai koma cikin ƴan wasan jiha ba, bidiyon kuma yana nan a wayoyin mutane. In wani ya tare ni ya ce yaya maganar awo, na kan ce masa an yi, a bayan rumbunmu, kuma rezilta ta fito.